Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Auna Ƙarfin Maganin Ƙwannafi? Kwatanta Hanyoyi Huɗu na Taitireshan

Malamin kemistiri da ke son nuna wa ɗalibansa amfanin taitireshan a rayuwar yau da kullum, da ɗalibin harhaɗa magunguna da ke neman batun binciken shekarar ƙarshe, sukan tsaya a kan tambaya guda: asid ɗin ciki nawa ƙwaya ɗaya ko cokali ɗaya na maganin ƙwannafi zai iya kashewa? Tambayar mai sauƙin faɗa ce, sai dai hanyar amsa ta ba ɗaya ba ce. Dukkan hanyoyin na taitireshan ne, wato sun dogara ne ga ɗiga ruwan sinadarin da aka san ƙarfinsa daga buret, dogon bututun gilashi mai awo da famfo, a kan wani har su kashe kaifin juna, sannan a yi lissafi daga yawan abin da aka ɗiga. Inda suka rabu shi ne abin da ake ɗigawa, da yadda ake gane cewa an kai matsaya, da irin tambayar da sakamakon ke amsawa. Wanda ya zaɓi hanyar da ba ta dace da maganinsa ba zai iya samun lamba mai kyaun gani, wadda za ta maimaita kanta a kowane gwaji, alhali ba gaskiya ba ce.

Abin da ake aunawa

Asid ɗin da ciki ke fitarwa haidirokulorik ne, wanda ake rubutawa HCl, kuma pH ɗin ruwan ciki, wato ma'aunin kaifin asid da ƙarancin lambarsa ke nuna yawan kaifi, yakan kasance tsakanin 1.5 da 3.5. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake amfani da HCl a madadinsa. Ƙarfin magani ana faɗinsa da mEq, kuma a wannan aikin mEq ɗaya daidai yake da milimol (ma'aunin yawan sinadari) ɗaya na HCl da aka kashe. A lissafin takarda, giram ɗaya na sodiyam baikabonet, wato bekin soda, yana kashe kusan mEq 12. Giram ɗaya na kalsiyam kabonet yana kashe 20. Na magniziyam haidiroksaid kusan 34. Na aluminiyam haidiroksaid kuma kusan 38, ko da yake shi wannan na ƙarshen bai cika kai wannan adadi a aikace ba, saboda jinkirinsa wajen narkewa. Akwai kuma magniziyam tiraisilikit, wanda ke cikin ruwan maganin da aka fi sani da Mist Mag a asibitoci da shagunan magani na Najeriya, kuma shi ma mai nawa ne ƙwarai. Waɗannan lambobin su ne madogarar mai gwaji: idan sakamakonsa ya yi nisa da su, to ya fara tuhumar hanyarsa kafin ya tuhumi maganin.

Ma'aunan zaɓi

Abu na farko da ya kamata a duba, kuma a ganina shi ne ya fi sauran nauyi, shi ne abin da aka rubuta a jikin kwalin maganin. Ko yana narkewa a ruwa? Ko akwai aluminiyam a ciki? Ko an sa masa launi? Amsar waɗannan tambayoyi uku takan kawar da hanya ɗaya ko biyu tun kafin a yi maganar kuɗi. Bayan haka sai daidaiton da ake buƙata, domin darasin aji ba ya neman abin da rahoton bincike ke nema. Sai kuɗin kayan aiki, wanda zan kwatanta tsakanin hanya da hanya maimakon ambatar naira, tunda farashin kayan da ake shigowa da su yana bin canjin dala. Sai ɗorewar kayan a yanayin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, da sauƙin aikin ga hannun da bai saba ba, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Hanya ta farko: ɗiga asid kai tsaye a kan maganin

A nan ana niƙa ƙwayar a ƙaramin turmi, a zuba garin a ruwa, a sa ɗigo biyu ko uku na metil orenj, wato manunin da ke sauya launi idan an kai matsaya, sannan a riƙa ɗiga HCl daga buret har launin ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo mai ja-ja. Ba ta buƙatar komai sai buret, da kwalbar gwaji, da ma'auni, da ruwan sinadari guda ɗaya, don haka ita ce mafi araha, kuma kowace makarantar da ke shirya ɗalibai don jarrabawar gwajin kemistiri ta WAEC ko NECO ya kamata tana da kayanta. Haɗarinta kaɗan ne, musamman idan an yi amfani da asid mai ƙarfin 0.1 M, wato milimol 0.1 a kowane mililita.

Matsalarta ita ce ba ta aiki sai da abin da ke narkewa. Kalsiyam kabonet da haidiroksaid na magniziyam da aluminiyam ba sa narkewa a ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, saboda haka launin zai juya, a ɗauka an gama, bayan ɗan lokaci kuma ya koma rawaya domin wani ɓangaren garin ya sake narkewa. Mai gaggawa zai rubuta adadin da ya gaza gaskiya, mai haƙuri kuma zai shafe tsawon lokaci bai san inda zai tsaya ba. Inda ta dace shi ne bekin soda, da kuma kanwa, wadda mutanenmu suka daɗe suna jiƙawa su sha don ciwon ciki. Kanwa galibi haɗin sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet tare da yashi da laka da wasu gishirai, kuma idan an narkar da ita an tace, ana iya auna ta kai tsaye. Sai dai dole manunin ya zama metil orenj, domin fenolftalin yana rasa launinsa tun kabonet ɗin yana rabin hanya.

Hanya ta biyu: zuba asid fiye da kima, a auna ragowarsa da manunin launi

Wannan ita ce hanyar da aka fi dogaro da ita a makarantu, kuma tunaninta kamar na mai sayayya ne da ya miƙa wa mai kanti kuɗin da ya san sun zarce farashi, ya ƙirga canjinsa, ya gane nawa kayan suka ci. Ana zuba wa garin maganin asid da aka auna daidai, wanda ya fi abin da zai iya kashewa, a motsa, a ɗan ɗumama har ya narke, sannan a ɗiga sodiyam haidiroksaid (NaOH), wato soda kostik ɗin da masu haɗa sabulu suka sani, domin gano asid ɗin da ya rage. Misali, a ce ƙwaya tana ɗauke da miligiram 500 na kalsiyam kabonet, aka zuba mata mililita 50.0 na HCl mai ƙarfin 0.50 M, wato milimol 25. Idan ragowar ta ci mililita 30.0 na NaOH mai ƙarfin 0.50 M, wato milimol 15, to ƙwayar ta kashe mEq 10, kuma hakan ya yi daidai da lissafin takarda.

Kuɗinta bai fi na ta farko da yawa ba: ƙarin kawai shi ne NaOH, da fifet, wato bututun gilashi na ɗibar ruwa daidai awo, da abin ɗumamawa. Kayan gilashi suna daɗewa shekaru idan ba a fasa su ba, amma ruwan NaOH ba ya daɗewa. Yana shan iskar kabon dayoksaid, ƙwayoyinsa kuma suna shan danshi tun suna kan ma'auni, musamman da damina, don haka ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba ba abin yarda ba ne sai an tabbatar da shi da fotasiyam haidirojin talet, ko kuma da HCl ɗin da aka riga aka tabbatar da shi da busasshen sodiyam kabonet. Haka nan idan aka bar shi ya kwana a buret mai famfon gilashi, famfon yakan ƙame. Wanda ya tsallake matakin tabbatarwa ya shigar da kuskure iri ɗaya cikin dukkan gwaje-gwajensa, kuma maimaitawa ba za ta bayyana shi ba.

Zaɓin manuni shi ne inda aka fi faɗawa rami, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Fenolftalin yana da farin jini saboda juyawarsa daga rashin launi zuwa ruwan hoda a bayyane take ko daga bayan aji, amma yana juyawa ne daga pH 8.2 zuwa sama. Idan maganin kalsiyam kabonet ne zalla, zai yi aiki muddin an tafasa ruwan a hankali na 'yan mintuna domin korar kabon dayoksaid, wadda in ta zauna za ta ci wani ɓangaren NaOH. Idan kuwa akwai aluminiyam, labari ya sha bamban. Aluminiyam ɗin da asid ya narkar yana fara komawa farin kwanciya tun daga kusan pH 4, kuma yayin komawar yana cinye NaOH gwargwadon asid ɗin da ya kashe tun farko. Kafin fenolftalin ya nuna launi, kusan dukkan gudummawar aluminiyam ta goge daga lissafi, sai a ga magani mai ƙarfi ya fito kamar marar amfani. Ɗalibin da bai san haka ba zai iya rubuta a rahotonsa cewa wani magani bai kai ƙa'ida ba, alhali manuninsa ne bai dace ba, kuma wannan zargi ne mai nauyi da bai kamata a yi shi bisa kuskuren hanya ba.

Mafita ita ce manunin da ke juyawa a ƙasa: metil orenj, tsakanin pH 3.1 da 4.4, ko buromofinol bulu, tsakanin 3.0 da 4.6. Da su ma sai an tsaya a farkon juyawar launin, kuma yana da kyau a ajiye wata kwalba a gefe mai launin da aka amince shi ne matsaya, a riƙa kwatantawa. Amma ko da haka, maganin da aka rina ruwan hoda ko kore yakan rikita ido, haka ma gurɓacewar da silika ke bari idan tiraisilikit ya narke. Ta fuskar haɗari, NaOH ya fi asid ɗin cutarwa ga ido, don haka tabarau na kariya wajibi ne, kuma kada a zuƙi ruwan sinadari a fifet da baki ko da ba a da robar zuƙa. Gara a auna da buret na biyu. A zuba asid a kan garin kabonet a hankali, domin kumfa na iya tasowa ta fitar da wani ɓangaren samfurin. Makarantar da ba ta da isassun buret tana iya yin wannan hanya da sirinjin roba na mililita 10, ta rage yawan sinadaran, tare da sanin cewa daidaito zai ragu, tunda buret na mililita 50 ana karanta shi zuwa 0.1, sirinji kuwa bai kai haka ba.

Hanya ta uku: auna ragowar asid da mitar pH

Tsarinta ɗaya da ta biyu, illa dai mita ce ke nuna matsaya maimakon launi. Ita ce hanyar da kundin magunguna na Amurka, USP, ya tanada a babinsa na 301, kuma ƙa'idojinta a tsare suke. Ana ɗaukar mafi ƙarancin adadin da takardar maganin ta ce a sha, a haɗa da ruwa kimanin mililita 70, a riƙe zafin a digiri 37, da sassaucin digiri 3 sama ko ƙasa. Sai a zuba mililita 30.0 na HCl mai ƙarfin 1.0 N (a nan N daidai yake da M), a bar na'urar motsawa mai maganaɗisu ta juya shi minti 15 cif, sannan a ɗiga NaOH mai ƙarfin 0.5 N, a cikin lokacin da bai wuce minti 5 ba, har pH ya tsaya a 3.5 na daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan an ɗiga mililita 36.0, alal misali, an samu ragowar mEq 18, maganin kuma ya kashe 12. Dokar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce maganin ƙwannafi ya kai aƙalla mEq 5 a wannan awo.

Tsayawa a 3.5 yana da dalili biyu masu ƙarfi. Ɗaga pH daga 1.5 zuwa 3.5 yana nufin an kashe kashi 99 cikin 100 na kaifin asid, wanda shi ne abin da marar lafiya ke buƙata, ba a kai ruwan cikinsa 7 ba. Sannan a wannan matakin aluminiyam bai soma kwanciya sosai ba, don haka ana ƙirga gudummawarsa. Iyakance lokaci zuwa minti 15 shi ma yana da ma'ana, domin sinadarin da ba ya aiki sai bayan awanni bai cancanci a ba shi cikakken maki ba. Launin magani ko gurɓacewarsa kuma ba su dami mita ba.

Abin da ake biya a madadin wannan daidaito shi ne kuɗi da kulawa. Mitar tebur mai inganci, da na'urar motsawa mai ɗumamawa, da ruwan daidaita mita na pH 4 da 7, sun ninka kuɗin buret da fifet sau da yawa. Sandar gilashin da ke shiga ruwan ita ce raunin dukkan tsarin: tana buƙatar a ajiye bakinta cikin ruwan fotasiyam kuloraid, ba cikin tataccen ruwa ba, kuma ko da kulawa mai kyau takan gaji cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Idan ta bushe a kabad a lokacin dogon hutu ko zafin bazara, takan dawo da jinkirin karatu da yawon lamba. Ƙananan mitoci masu siffar biro da ke aiki da batir sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma suna iya fitar da darasin aji idan an daidaita su a ranar, amma ba zan jingina rahoton bincike a kansu ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar minti 15 ɗin nan kuma tana ɓata gwajin gaba ɗaya, sai a sake da sabon samfuri. Haɗarin sinadarai ya ɗan ƙaru tunda asid ɗin ya fi ƙarfi, kuma wanda zai haɗa shi daga tsantsar HCl, mai ƙarfin kusan 12 M, ya yi hakan a wuri mai iska, ya zuba asid cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

Hanya ta huɗu: gwajin Rossett da Rice

Hanyoyi ukun da suka gabata suna faɗin jimillar ƙarfi ne kawai, ba sa faɗin sauri ko daɗewa. Gwajin da Rossett da Rice suka wallafa a 1954 yana kwaikwayon cikin da ke ci gaba da fitar da asid: ana zuba maganin a ruwan asid mai zafin jiki, a riƙa ƙara HCl mai ƙarfin 0.1 N da gudu marar canzawa, ana rubuta pH minti bayan minti, a ga da wane sauri ya haura 3 da kuma tsawon lokacin da ya zauna tsakanin 3 da 5. A nan ne bekin soda ke nuna tashi na gaggawa da faɗuwa ta gaggawa, aluminiyam haidiroksaid kuma ya nuna akasin haka, sai a fahimci dalilin da ya sa kamfanoni ke haɗa mai sauri da mai nawa a magani ɗaya. Tana buƙatar duk kayan hanya ta uku, tare da famfon da ke ɗiga asid daidai, ko mutum biyu masu natsuwa, ɗaya a kan buret ɗaya a kan agogo. Ita ce mafi tsada da cin lokaci, kuma sakamakonta ba a kwatanta shi da ma'aunin mEq 5.

| Ma'auni | Kai tsaye | Ragowa da manuni | Ragowa da mitar pH | Rossett da Rice |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi araha | Araha | Tsada | Mafi tsada |
| Maganin da ya dace | Mai narkewa kawai | Kabonet da magniziyam. Aluminiyam da kulawa | Kowane iri | Kowane iri |
| Abin da ke saurin lalacewa | Gilashi idan ya fashe | Ruwan NaOH | Sandar mita da ruwan daidaitawa | Sandar mita da famfo |
| Sauƙi | Mai sauƙi | Matsakaici | Yana son horo | Mai wahala |
| Wutar lantarki | Ba dole ba | Ba dole ba | Dole | Dole |
| Babban tushen kuskure | Tsayawa da wuri | Manunin da bai dace ba | Mitar da ba a daidaita ba | Gudun asid marar daidaito |

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Malamin sakandare da ke da awa ɗaya da aji cike da ɗalibai ya ɗauki hanya ta biyu, da farar ƙwayar kalsiyam kabonet ko ruwan magniziyam haidiroksaid marar launi, ya yi amfani da metil orenj ɗin da ɗaliban suka saba da shi. Idan darasin farko ne, ko kuma ana son kwatanta kanwa iri-iri da bekin soda, hanya ta farko ta wadatar, kuma dama ce ta tunatar da ɗalibai cewa dukansu biyu suna da sodiyam mai yawa, wanda bai dace da mai hawan jini ba. Ɗalibin jami'a ko kwalejin kimiyya da zai kwatanta magungunan da ke kasuwa, waɗanda yawancinsu haɗe-haɗe ne masu aluminiyam da launi, ya nemi hanya ta uku ko da zai aro mita daga wani sashe, ya rubuta lambar rajistar NAFDAC da lambar rukuni da ranar ƙarewar kowane samfuri, ya niƙa ƙwayoyi da yawa tare, kamar 20 da kundin ya ambata, maimakon dogaro da guda ɗaya, ya girgiza na ruwa sosai kafin ɗiba. Ya kuma yi gwajin da babu magani a ciki, domin ya tabbatar asid da NaOH ɗinsa sun dace da juna. Wanda tambayarsa ita ce wane magani ya fi saurin kawo sauƙi ko daɗewa yana aiki, hanya ta huɗu ce tasa, kuma ya fi kyau ya haɗa ta da ta uku.

Akwai kuma wanda babu ɗaya daga cikin huɗun da za ta biya masa buƙata. Maganin da ke da aljinet, irin Gaviscon, babban aikinsa shi ne yin wani kauri mai yawo a saman abin da ke ciki domin ya hana shi tasowa maƙogwaro, don haka lambar mEq ɗinsa ba ta bayyana amfaninsa. Omefirazol da danginsa kuwa ba sa kashe asid ɗin da ya riga ya fito, suna rage fitowarsa ne daga bangon ciki, saboda haka mai son kwatanta su da magungunan ƙwannafi sai ya koma ga binciken da aka yi a kan marasa lafiya, ba ga buret ba.